Tsamin jini da kunun kanwa: abin da ɗakin gwaji ya koya min

Masu tallan ruwan alkalain, wato ruwan da ya karkata ɓangaren su kanwa, da tsarin cin abincin da ke tafiya da shi, suna cewa abinci na sa jini ya yi tsami, kayansu kuma su gyara shi. Amma jinin mai lafiya yana zama ne tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 tsami ne, wato asid, sama da 7 kuma ɓangaren su kanwa ne. Muna ɗalibai aka sa muka haddace wannan lamba, kuma tun da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Jos ban ga mai lafiyar da tuwo ko lemun tsami ya fitar da jininsa daga wannan iyaka ba.

Huhu da ƙoda ne masu gadin ta. Idan asid ya so yin yawa, numfashi ya ƙara sauri, ya fitar da iskar kabon dayoksaid cikin 'yan mintuna. Ita ƙoda a hankali take nata, awanni zuwa kwanaki, tana zubar da asid cikin fitsari tana mayar wa jini bayikabonet, sinadarin da ke kashe kaifin asid.

Abin da abinci ke juyawa shi ne fitsari, wanda kan yi yawo daga 4.5 zuwa 8. Ka ci tsire da ƙwai da yawa, ya karkata wajen tsami. Ka cika ciki da alayyahu, kabeji da 'ya'yan itace, ya koma ɗaya ɓangaren.  A nan masu tallan ruwan alkalain ke samun shiga. Su ba ka 'yar takardar gwaji ka tsoma a fitsari, launi ya sauya, su ce jikinka ya yi tsami. Alhali takardar shaida ce cewa ƙodarka na kan aikinta. Shi kuwa ruwan mai tsada, da ya sauka tumbi zai tarar da asid mai pH 1.5 zuwa 3.5, a nan labarinsa ya ƙare.

Na ga jinin da ya yi tsami da gaske, kuma ba mai kawo shi da ƙafarsa. Mai ciwon suga ne da insulin ya yanke masa, yana jan dogon numfashi kamar wanda ya hau Dutsen Shere a guje, ko yaron da gudawa ta tsiyaye, ko wanda ƙodarsa ta gaza. Waɗannan gado ake ba su, a sa musu ruwa, ana bin jininsu da gwaji.

Abin da ya fi tsaya min a rai kanwa ce, don ita tana cikin gidajenmu tun kafin a fara tallan komai a Facebook. Lokacin da ƙanwata ta haihu, goggonmu ta dama mata kunun kanwa, ta zuba kanwar ba tausayi. Na ce, "Goggo, da an rage mata kanwar nan." Ta ce, "Likita bokan Turai, da shi muka yi jegonku, ga ku nan garau." Ban ja da ita ba, don dai kunun kansa abinci ne, kuma mai jego na buƙatarsa. Matsalar gishirin sodiyam ne da kanwa ke ɗauke da shi, mai sa jiki ya riƙe ruwa. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun bi matan da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawan abin da kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi. Sai da na biyo ta wajen kumburin ƙafar ƙanwar tawa kafin Goggo ta sassauta hannu. Haka masu hawan jini da ke kaɗa kanwa ko hodar bekin soda duk dare saboda ƙwannafi: zafin ƙirjin ya lafa, awon jini ya hau.

Akwai inda ake juya pH da gangan, amma likita ke yi, da awo. Mai tsakuwar ƙoda irin ta yurik asid akan ba shi maganin fotashiyam sitret don fitsarin ya rage tsami, tsakuwar ta narke. Wasu masu ciwon ƙoda kuma ƙwayar bayikabonet ake rubuta musu.

Kayan lambun da ake lissafawa a tsarin cin abincin masu tallan alkalain kuwa, ni ma ina sayensu a Farin Gada: karas, kabeji, latas, tumatir. Suna taimakon hanji da hawan jini, kuma kuɗin katan ɗin wancan ruwan zai cika maka leda da su. Sai dai wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ya tambayi likitansa kafin ya dage kan ayaba da dankalin Turawa, don fotashiyam ɗinsu na iya taruwa a jininsa har ya taɓa bugun zuciya.