Saƙon da ke tafiya a aljihun mutane

Binciken da na yi a shekarar ƙarshe ta karatun kimiyyar kwamfuta ya tsaya ne kan tambaya guda: yaya saƙo zai isa inda ake so idan babu sabis, babu eriyar kamfani, sai wayoyin da ke aljihun mutane suna kai da komo? Dabarar ita ce waya ta karɓi saƙo ta adana, mai ita ya ci gaba da harkokinsa, idan ta kusanci wata wayar sai ta miƙa mata ta Bluetooth ko Wi-Fi, har saƙon ya faɗa hannun mai shi. Kevin Fall ne ya fitar da tsarin irin wannan sadarwa mai jure jinkiri a 2003. Mu nan da muka saba da "turo min ta Xender" mun san rabin abin, sai dai a wannan tsari wayoyin ne ke yi da kansu.

Abu na farko da na gane shi ne batir kuɗi ne. A shekarar 2000, Vahdat da Becker na Jami'ar Duke a Amurka sun kawo hanyar da kowace waya ke kwafa wa duk wadda ta haɗu da ita saƙo. A gwajin kwamfuta saƙo kan isa da wuri, amma memori ya cika, caji ya ƙone. Shi ya sa a 2005 wasu masu bincike suka taƙaita yawan kwafin da ake saki. Wanda ke biyan kuɗi a shagon caji ba zai bar Bluetooth a kunne don saƙon baƙo ba, kuma yana da gaskiya.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne cewa zirga-zirgar mutane tana da tsari. Manhajar gwaji takan sa ɗigo-ɗigo masu wakiltar mutane su yi ta yawo barkatai a allo, alhali ɗan Adam ba haka yake tafiya ba. Gida, kasuwa, masallaci, tasha, gobe ma haka. Masu bincike a Luleå ta ƙasar Suwidin, da suke neman haɗa makiyayan Sami da intanet, sun gina tsarin PRoPHET a kan wannan: wayar da ta saba haɗuwa da wane, akwai yiwuwar ta sake haɗuwa da shi, don haka ita ta cancanci riƙe saƙonsa. A Indiya kuwa, shirin DakNet ya ɗora na'urar Wi-Fi a motocin bas masu bi ta ƙauyuka, suna kwasar saƙonni su kai birni, su dawo da amsa. A Kambodiya da babura aka yi.

Da na karanta waɗannan, direban motar haya da ɗan acaɓa suka faɗo mini a rai. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, mutane sun riƙa tafiya har maƙwabtan jihohi don su buga waya kawai. Motoci ba su daina shige da fice ba a lokacin. Direba guda mai zuwa Gusau kullum ya fi wayoyi masu yawa da ba sa barin unguwa amfani ga irin wannan tsari.

Sai kuma tsawon haɗuwa. Bluetooth na waya yakan kai kamar mita 10 ne. Mutum biyu da suka gifta juna a hanya daƙiƙoƙi kaɗan suke da su, waɗanda suka zauna mota ɗaya daga Kano zuwa Zariya kuwa suna da fiye da awa guda. Dole a yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, a kuma sa rubutu gaba da bidiyo.

Maganar amana ita ta fi damuna har yanzu. Saƙonka zai kwana a wayar wanda ba ka sani ba. Masu zanga-zanga a Hong Kong sun rungumi Bridgefy, manhajar tura saƙo daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da intanet ba, a 2019, amma a 2020 masu bincike na Royal Holloway a Ingila suka nuna cewa ana iya karanta saƙonnin, har a yi sojan gona da sunan wani. Ga kuma jita-jita: in ta shiga irin wannan hanya, babu wata cibiya da za a je a goge ta.

Saboda haka, in har zan gina wa mutanenmu irin wannan manhaja, da gajeren rubutu zan fara, a kulle yadda sai mai shi ne zai buɗe, da wa'adin da zai goge kansa daga wayoyin da suka ɗauko shi. Kuma kafin in rubuta layi guda na manhajar, tashar mota zan fara zuwa in tambayi direbobi ko za su yarda su ɗauka, da abin da za su so a ba su na caji.