Yadda muka rabu da GNOME 2 a shagonmu na Samaru

Kwamfutoci biyar gare mu a shagon buga takardu da ke Samaru, duk na hannu ne, mafi ƙarfinsu RAM ɗinta giga 2. Tun 2010 na ɗora musu Ubuntu 10.04, wani nau'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, mai fuskar GNOME 2: sanda ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, manhajoji a jere a kusurwar hagu. Da ita muka buga furojet ɗin ɗalibai ba adadi.

A Linux, injin daban, fuskar da kake gani daban, kamar mutum da rigarsa. A Afrilun 2011 aka fitar da GNOME 3 da sabon tsari gaba ɗaya, Ubuntu kuma ta koma wata fuska mai suna Unity. Ni dai na yi kunnen uwar shegu. Ko da aka daina aiko wa 10.04 gyaran tsaro a 2013, ban motsa ba, kuma wannan ganganci ne da ba zan so wani ya maimaita ba. Sai a 2016, da burauza ta fara ƙin buɗe shafukan rajista, ɗalibai na juyawa suna tafiya shagon gaba, na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Na fara da Unity a kwamfuta ɗaya. Ta yi mata nauyi, ka danna abu sai ka jira. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon da ke mana bugu, wanda ya yi shekaru yana aiki da tafireta kafin ya zo wurinmu. Ya kai linzami kusurwar da ya saba, bai ga komai ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, ina ka kai mini kayan aikina?" Na ce, "Baba, suna nan, wuri aka sauya musu." Ranar shafi goma ya gagare shi, mutumin da ba ya kallon kibod in yana bugu.

Daga nan na daina ɗora komai kai tsaye. Sai in zuba sabon tsarin a filashi, in tayar da kwamfuta daga ciki, in bar masu aikin su wuni da ita. Fuskar Xfce, wadda Olivier Fourdan ya fara tun 1996, ba ta da nauyi kuma ta burge ni. LXDE ta fi ta sauƙi, ita na bar wa wata tsohuwar kwamfuta mai giga 1, ta hanyar Lubuntu, wato nau'in Ubuntu da ya zo da ita.

Wadda ta raba gardama ita ce MATE. Wani ɗan Ajantina ne ya ɗauki GNOME 2 a 2011 ya ci gaba da raya ta, ya sa mata sunan ganyen shayin da ake sha a yankinsu. Sunayen manhajojin ne suka canza: mai buɗe fayil ya zama Caja, mai karanta PDF ya zama Atril. Na ɗora Ubuntu MATE 16.04 bayan sallar isha'i, da janareto, bayan na kwashe ayyukan mutane a wani faifai daban, don furojet ɗin ɗalibi amana ce. Na kuma tabbatar na saka tsarin kibod na Hausa, saboda masu kawo rubutun da ke buƙatar ƙ da ɗ da ɓ, na gwada firinta kafin in rufe shago.

Da safe Baba ya zo da carbinsa a hannu, ya zauna, ya kai linzami kusurwar hagu, jerin ya sauko. Bai ce uffan ba, ya jawo takardar farko ya fara bugu. Sai wajen azahar ya ɗago ya tambaye ni ko na fasa canjin ne.