Jirgin da ya fasa sauka ba hatsari ya yi ba

Mu da ke zaune a unguwannin Nima da Mamobi na Accra, ƙarar jirgi ta zame mana jiki, ga filin Kotoka nan kusa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yaɗa labarinsa. Jirgi ya zo sauka, matuƙi ya ga iska ko ruwa ya yi yawa, ya sake tashi ya kewayo, kafin la'asar WhatsApp ya cika da "Inna lillahi". Alhali wannan kewayen horonsa aka ba shi, kuma shi ne daidai.

Na fahimci tsoron. Ranar 2 ga Yunin 2012, jirgin dakon kaya na Allied Air da ya taso daga Legas ya zarce titin sauka a Kotoka cikin ruwan sama, ya fasa katanga, ya afka wa wata trotro, wato ƙaramar motar haya, kusa da filin wasa na El-Wak. Ma'aikatan jirgin sun tsira, na cikin motar ne suka rasu. Washegari kuma jirgin kamfanin Dana ya faɗi a Legas. Allah Ya jiƙansu.

Amma bincike yana da tsarinsa. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, kuma ana yinsa ne don hana maimaituwa, ba don neman mai laifi ba. Ghana ta kafa hukumarta ta binciken hatsarin jirgi a 2020.

Hajiyarmu ta kusa fasa aikin Hajji saboda wani bidiyon jirgi da aka turo mata. Da jikanta ya duba, ashe tsoho ne, kuma ba a Ghana aka ɗauka ba.