Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Sa Ni Raba Ɗalibai

A makon jiya na tsaya ne a kan sauyin wurin aiki da aka yi mini daga makarantar kwana ta karkara zuwa wata babbar sakandare ta jeka-ka-dawo a cikin birnin Kano, inda aka damƙa mini darasin lissafi da na fiziks. Ban gama sabawa da wurin ba sai shugaban makaranta ya sa ni cikin kwamitin da ke raba sababbin ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare gida uku, wato ajin kimiyya da ajin adabi da ajin kasuwanci. Aiki ne da ake gamawa cikin 'yan kwanaki a farkon zangon karatu, amma har yau ban ga aikin da ya kai shi nauyi a makaranta ba, domin a nan ne ake zaɓar wa yaro ɗan shekara 14 ko 15 hanyar da zai bi, alhali shi kansa bai san inda kowace hanya ta nufa ba.

Ma'aunin da kwamiti ke amfani da shi ɗaya ne, shi ne makin da yaro ya samu a lissafi da kimiyya a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Iyaye kuwa kusan dukansu ajin kimiyya suke nema wa 'ya'yansu, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Tun daga 1977, lokacin da gwamnatin jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, mutane suka ga da idonsu yadda 'ya'yan manoma da 'yan tireda suka zama likitoci da injiniyoyi saboda an ba su ɗakin gwaje-gwaje da malamai na gari. Wanda ya ga haka a gidan maƙwabcinsa dole ya so wa ɗansa irinsa.

A cikin iyayen da suka zo wurina a wannan shekara akwai wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda makin ɗansa bai kai yadda kwamiti ke so ba. Ya ce mini, "Malam, ni dai likita nake so yaron nan ya zama, don Allah kada a kai shi wani ajin." Na ce masa, "Alhaji, Allah ya cika maka burinka, amma ka bar mini shi tukuna in ga inda lissafinsa ya tsaya." Da na zauna da yaron, sai na tarar ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da ka, har ya fi wasu da suka fi shi maki, domin a rumfar mahaifinsa ya tashi. Matsalarsa lissafin kaso ce. Na ba shi ɗaya bisa takwas ya tara da ɗaya bisa shida, sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta biyu bisa goma sha huɗu. Wannan amsa daidai take da ɗaya bisa bakwai, wadda ba ta ma kai ɗaya bisa shidan da ya fara da ita ba, wato an yi ƙari amma abu ya ragu, kuma bai ga wani abin mamaki a ciki ba.

Daga baya na gwada sauran ɗaliban da wannan tambaya, na ga mafi yawan waɗanda ake cewa ba su da kan lissafi a wuri ɗaya suka tsaya, kuma wuri ne da aka wuce da su tun suna firamare. Illar abin ba ta bayyana sai a babbar sakandare. A fiziks, gudun abu shi ne nisan da ya yi bisa lokacin da ya ɗauka. A kemistiri, ƙarfin ruwan sinadari shi ne yawan sinadarin bisa yawan ruwan da aka narkar da shi. Ma'aikaciyar jinya da ke auna wa jariri magani gwargwadon nauyinsa, wannan lissafin take yi, kuma kuskure a wurinta yana iya zama asarar rai. Yaron da bai fahimci kaso ba zai yi shekara uku yana haddace ƙa'idojin da bai san ma'anarsu ba, sannan a ce kimiyya ce ta fi ƙarfinsa.

Abin da ya buɗe mini hanya da wannan yaro shi ne jin da na yi cewa yana zuwa karatun zaure da dare, kuma sun taɓa babin rabon gado. Na tambaye shi: idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza, mene ne rabon matar, mene ne na uwar? Nan take ya ce matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Na ce to, gida nawa malaminku yake kasa dukiyar kafin ya fitar wa kowa da nasa? Ya yi ɗan tunani, ya ce asalin mas'alar 24 ne, matar ta ɗauki 3, uwar ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Sai na nuna masa cewa sumuni shi ne ɗaya bisa takwas, sudusi shi ne ɗaya bisa shida, kuma 24 ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 suke shiga cikinta ba saura, don haka amsar da ya kasa samu a allo ita ce bakwai bisa ashirin da huɗu, wadda ya riga ya faɗa da bakinsa. Ilimin yana cikin kansa tun tuni, ba a taɓa gaya masa ba ne cewa lissafin zaure da na aji abu ɗaya ne. Wannan dangantaka kuwa tsohuwa ce, domin Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 kuma ya shimfiɗa tushen aljabara, ya ware babban sashe na rubutunsa ga matsalolin gado da wasiyya.

Da wannan hujja na roƙi kwamiti a jinkirta rabon har ƙarshen zango na farko, a koya wa kowa lissafin kaso daga tushe, sannan a yi gwaji. An amince, kuma yara da dama da za a kawar daga kimiyya sun shiga da cancantarsu, har da ɗan mai hatsi. Dalilin da ya sa na dage shi ne ƙofar kimiyya idan ta rufe da wuya ta sake buɗewa. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana gwada mai neman likitanci a Ingilishi da bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma wanda bai yi waɗannan darussa a sakandare ba, ba shi da yadda zai yi ya zauna musu.

Sai dai akwai gefe na biyu na maganar, wanda ya fi damuna yanzu da na manyanta. Yaron ya samu kiredit ɗinsa a jarrabawar WAEC, amma makinsa na JAMB bai kai na likitanci ba, domin guraben kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Mahaifinsa ya so ya yi ta maimaitawa har sai ya samu, kuma na san matasa da yawa da suka ɓata shekaru a gida a kan wannan jira. Na je rumfarsa na zayyana masa sauran hanyoyin: shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye, kwalejin ilimi mai ba da shaidar NCE bayan shekara uku, makarantun jinya da na kiwon lafiya, da kuma foliteknik, inda mai ƙaramar difloma da sakamako mai kyau zai iya ci gaba zuwa babbar difloma ko ya tsallaka zuwa jami'a. Bai ji daɗin maganar ba da farko, domin a ganinsa duk abin da ba jami'a ba koma-baya ne.

Wannan gani ba shi ya ƙirƙire shi ba. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, wanda ya fito daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980, an tsara shi ne domin yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, wanda ya nuna hazaƙa a nan ya wuce kwalejin fasaha da mutuncinsa. A makarantar karkarar da na baro, na ga injinan da aka kawo domin wannan darasi suna cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, saboda babu wutar da za ta juya su, babu malamin da aka horar a kansu. Da hanyar fasaha ta zama kango, sai kowa ya ɗunguma zuwa ƙofa ɗaya, kuma bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma a wurin ɗaukar aiki ya ƙara tabbatar wa iyaye cewa suna da gaskiya.

A ƙarshe dattijon ya yarda, yaron ya karanta fasahar lantarki a foliteknik, kuma a yau yana haɗa wa gidaje da asibitoci da gonaki wutar sola, yana da yara da yake koya wa aiki a ƙarƙashinsa. Tsarin jinkirta rabon kuwa bai daɗe ba, domin da aka sauya shugaban makaranta, ɗalibai kuma suka ƙaru, sai aka koma raba su da makin jarrabawa tun makon farko.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda aka tura ni makarantar 'yan mata, inda na tarar da ajin kimiyya cike da ɗalibai amma babu malamin fiziks ko ɗaya.