Igiyar Moreton: me ya sa take kuɓuce wa masu auna ta

Idan babbar fashewa ta auku a saman Rana, wani lokaci akan ga wata igiya, wato girgiza mai tafiya kamar igiyar ruwa, ta taso daga wurin tana bazuwa kamar baka, gudunta kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa guda. Gail Moreton ne ya bayyana ta a 1960, daga hotunan layin hasken H-alfa, wato jan hasken da iskar haidirojin ke fitarwa, mai tsawon zango nanomita 656.3. A 1968 Yutaka Uchida ya kawo bayanin da har yau ake dogaro da shi: ainihin girgizar tana tafiya ne can sama a cikin korona, wato sararin iskar Rana na can waje, gindinta kawai ke danna kuromosfiya, wato siririn falon iskar da ke ƙarƙashin korona, kamar bakin riga mai jan ƙasa.

Wannan dannawar ita ake nema. Kada ka tsaya a tsakiyar layin H-alfa kaɗai. Matsa da matatar hasken na'urarka kimanin angistirom 0.5 zuwa 0.8 (angistirom goma ne nanomita ɗaya) ta kowane gefen layin. Da yake iskar kuromosfiya tana yin ƙasa ne idan an danna ta, goshin igiyar zai fito da duhu a gefen ja (mai dogon zango), da haske a gefen shuɗi (mai gajeren zango).

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne tazarar ɗaukar hoto. Na'urar ɗaukar hoto ta EIT da ke kan SOHO, kumbon nazarin Rana, wadda ta nuna irin wannan igiya a korona a 1997, a lokacin takan ɗauki hoto kusan kowane minti 12. A wannan tazara igiya mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa ta ci kilomita 720,000, fiye da nisan tsakiyar Rana zuwa gefenta. Farkon tafiyar ya wuce ke nan, sai ƙarshenta bayan ta rage gudu, shi ya sa ake samun gudun kilomita 200 zuwa 400 kawai a daƙiƙa. A ganina wannan ya taimaka wajen tsawaita gardamar ko igiyar Moreton da wadda EIT ta gani a korona abu ɗaya ne. Na'urar AIA ta wani kumbon nazarin Rana, SDO, mai hoto duk daƙiƙa 12, ta rage matsalar sosai.

Igiyar dishi-dishi take, don haka ana cire hoton baya daga na yanzu. Kafin nan a daidaita tsawon buɗe kyamara, a gyara juyawar Rana, in ba haka ba gefunan ƙarya za su cika hoton. Nisan kuma a auna shi bisa doron ƙwallon Rana, domin kusa da gefe awo a kan shimfiɗaɗɗen hoto yana rage gudun ƙwarai.