Ranar da na yi wa kwamfutar Hajiya fomat saboda saƙo guda ɗaya

Lokacin ina yaron shago a wajen Beirut nan Kano, wajen 2011 ne, ban fi wata huɗu da fara koyon gyaran kwamfuta ba amma a raina gani nake na gama iyawa tunda na iya sa Windows da faifai ba tare da na tambayi kowa ba. Ranar Oga ya tafi Legas saro kaya, ni kaɗai ne a shago, sai ga wata Hajiya da direbanta ya rungumo laftof irin tokunbo ɗin nan mai Windows Vista. Tace ɗan nan duk sanda aka kunna sai wani akwati ya fito da rubutu, yara sun ce mata bairos ne. Na kunna, ai kuwa ga shi, Windows Defender, manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, ne yake cewa ya kasa tashi, ga lamba a gefe 0x800106ba, har yau ban manta lambar nan ba wallahi. Ban karanta sauran rubutun ba ma. Nace Hajiya sai fomat, wato a goge komai a sake sa Windows, tace to yi abin da ya dace, na tambaye ta akwai abu mai muhimmanci a ciki tace ita dai ba ta san komai a ciki ba, na yara ne. Na goge tas na sa Windows 7 sabo fil, ina ta jin daɗi har da sa mata hoton bango mai kyau.

Washegari ta dawo da 'yarta tana kuka. Furojet ɗinta na shekarar ƙarshe a jami'a, babi uku da ta gama, da hotunan bikin yayarta, duk suna kan destof ɗin da na share. Mun samo kaɗan daga hotunan da manhajar dawo da fayil, amma furojet ɗin sabon Windows ya riga ya hau kansa.

Da Oga ya dawo bai min faɗa a gaban mutane ba, kuma da ya yi ɗin ma da ya fi min sauƙi. Bayan kwana biyu aka kawo wata mai irin wannan saƙon sak, sai yace kai zo nan ka tsaya. Ya danna madannin Windows da R, ya rubuta services.msc, jerin ayyukan da ke gudana a bayan fage ya fito, ya gangara har kan Windows Defender, ya nuna min da yatsa, an kashe shi. Yace wa ya kashe? Nace bairos. Yace duba ƙasa kusa da agogo. Ashe mai ita ya sa wani antibairos ne, shi kuma da ya shiga sai ya kashe Defender ɗin don kada su yi karo, amma an bar sunansa a jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows, to duk safiya sai ya yunƙura zai tashi ya tarar an ɗaure masa ƙafa, shi ne yake kuka. Oga ya buɗe msconfig, inda wannan jerin yake, ya cire alamar da ke gaban sunansa, ya kashe ya kunna, shiru. Minti uku bai cika ba. Ya kalle ni yace nawa ka karɓa a wajen Hajiya, na faɗa, yace ka kai mata kuɗinta gida.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Defender na Vista da na Windows 7 ba cikakken antibairos ba ne, aikinsa kawai kamun manhajojin leƙen asiri, irin masu shiga su riƙa kallon me kake buɗewa a intanet, su canza maka shafin farko na burauza, su cika ka da talla, wasu har abin da kake bugawa a kibod suke kwashewa. Asalinsa ma na wani kamfani ne GIANT da Microsoft ta saya a ƙarshen 2004. Sai a Windows 8 a 2012 aka mai da shi mai gadi na gaba ɗaya. Shi ya sa a zamanin kusan kowa sai ya ƙara wani a kai, kuma ko Security Essentials na Microsoft ɗin kansu ka sa, kashe Defender yake yi. Wato rabin saƙonnin da ake kawo mana da sunan bairos, masu gadi ne suke rigima a bakin ƙofa.

Mutanenmu kuma akwai son tara masu gadi, gani suke yawansu shi ne tsaro. Na taɓa buɗe kwamfutar wani Alhaji na ƙirga guda huɗu, ɗaya ɗansa ya sa, ɗaya ya zo da ita daga inda aka saya kuma wa'adinsa ya ƙare tun tuni, ɗaya wani mai shagon buga takardu ya sa masa saboda bairos ɗin filash mai mai da fayil shotkot, na huɗun shi kansa bai san daga ina ya zo ba. Kwamfutar sai ta yi minti goma kafin ta gama tashi, kowanne yana son ya riga ɗan'uwansa kama fayil ɗaya, wani ma yana ɗaukar ma'ajiyar alamomin gane bairos ta ɗayan a matsayin bairos ya kulle ta, shi kuma wancan ya tashi ya nemi kayan aikinsa ya rasa ya fito da ero. Nace Alhaji ba a sarki biyu a gari ɗaya, yayi dariya yace to zaɓar min sarkin. Kuma cirewar ma ba a gama ta da Control Panel kaɗai, sau da yawa suna barin direbobin manhaja da guntayen rajista, wato kundin saitunan Windows, a baya, sabon da ka sa ya zo ya ƙi tashi saboda gawar tsohon na nan kwance. Yawancin manyan kamfanonin suna da ɗan kayan sharewa nasu na musamman a shafinsu, shi nake nema in gudanar, in sake kunna kwamfutar, sannan in sa sabo.

Wanda ya fi ba ni kunya bayan na Hajiya shi ne na wani malamin firamare da ya kawo tsohuwar destof. Manhajar kamun leƙen asirinsa tana tashi ta ce lasisi ba daidai ba, afdet ya ƙi, na cire na mayar sau uku, na yi awa biyu ina zufa. Yaron shagon kusa da mu mai sai da caja ya leƙo yana cin gyaɗa yace yaya wai yau wace shekara muke? Na kalli agogon kwamfutar, ta koma shekarun baya can. Ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo da ke kan madabod, CR2032, ya mutu, duk sanda aka zare wuta sai kwanan wata ya koma na ranar da aka ƙera ta, su kuma takardun shaidar tsaro na intanet da kwanan wata suke aiki, in agogonka ya ce ba a ma haife su ba tukuna to ba za ta yarda da sabar afdet ba. Batirin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Tun ranar kafin in taɓa komai sai na kalli kusurwar dama ta ƙasa.

Sai matsalar wuta, wannan kam tamu ce. Destof a gida babu UPS, tana tsakiyar sauke afdet a ɗauke wuta, fayil ɗin ya tsaya rabi, gobe manhajar ta tashi ta ce ta kasa loda ma'ajiyarta. Maganin a goge lalatacciyar a sauko da sabuwa, amma a zamanin modem data tsada gare ta, don haka muna ajiye cikakken fayil ɗin afdet a filash, na Defender sunansa mpas-fe.exe na Security Essentials kuma mpam-fe.exe, mu sauke sau ɗaya a sati mu yi ta raba wa kwastomomi. In abin ya taɓa fayilolin Windows ɗin kansa sai a buɗe cmd da ikon admin a buga sfc /scannow, in ana zargin hadis ɗin ne chkdsk, ka je ka yi sallah ka dawo.

To amma wani lokacin yaran suna da gaskiya, bairos ɗin ne. Ɓarawon da ya san aikinsa mai gadi yake fara ɗaurewa. Wani bairos mai suna Conficker da ya ɓulla a ƙarshen 2008 haka yake yi, ya kashe Defender da afdet na Windows, ya kuma hana ka buɗe shafukan kamfanonin tsaro, kuma ya daɗe yana yawo a filash a nan bayan duniya ta manta da shi. Alamar da nake ganewa ita ce komai yana buɗewa lafiya, Word, waƙa, fim, amma ka danna mai gadin sai ya yi ƙyaf ya ɓace, Task Manager ma ya ƙi. Dabarar da Oga ya koya min mai ban dariya ce don sauƙinta, ka canza wa fayil ɗin manhajar suna, tunda da suna ɓarawon yake gane ta, ka sa mata ko sunan akuya ne sai ka ga ta tashi. Akwai wani lungu a rajista, Image File Execution Options, da suke rubuta sunan manhajar a ciki don duk sanda aka kira ta a kira wani abu daban. In duk ya ƙi sai Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, a Windows 7 kana kunnawa ka yi ta dannan F8, a Windows 10 ka riƙe Shift ka danna Restart, a can yawancin ƙazantar ba ta tashi sai ka kama ta tana barci. In duba fayil ɗin hosts kuma, wanda ke nuna wa kwamfuta adireshin shafuka, can cikin System32, drivers, etc, ko an rubuta sunayen shafukan tsaro an karkatar da su.

Akwai ma wanda mai gadin ne gaba ɗaya na bogi, ya fito da ja da ƙararrawa wai an kama ɗaruruwan ƙwayoyi kawo lambar katinka a biya dala. Wannan ba gyara eronsa ake ba, shi ne cutar.

Yanzu da nake da nawa shagon, abin da ya fi cin lokacina kafin in kunna kwamfuta tambaya ce. Yaushe ya fara, me aka sa mata na ƙarshe, an ɗauke wuta tana aiki, waye ya taɓa ta. Amsar manya kullum ɗaya ce, ba wanda ya taɓa, haka kawai ta fara. Shi ya sa in an zo da yaro shi nake kallo, in ce ƙanena wane gem ka sa, sai ya sunkuyar da kai yace wani abokinsa ne ya tura masa mai kirak, wato wanda aka fasa don kada a biya, kuma bayanin da ke ciki ya ce a kashe antibairos kafin a sa. Shikenan an gama, saura aikin hannu. Ina kuma ɗaukar hoton saƙon da waya kafin in rufe shi, in buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, in ga ƙarfe nawa abin ya faɗi da kuma me ya faɗi kafin shi.

Wanda ba ni da maganinsa shi ne tsufa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na kowa da kowa ya cika 14 ga Oktoban 2025, kuma gidaje da yawa har yanzu na bakwai ɗin suke kai, sabbin manhajojin tsaro wasu ba sa ma yarda su hau. Nakan faɗa wa mai ita gaskiya, ko a ƙara mata RAM da SSD a ɗaga ta in za ta iya ɗauka, ko a cire ta daga intanet a bar wa yara su koyi taifin.

Fomat kuwa har gobe ina yi, wata kwamfutar in ka ga irin cin da aka yi mata ba ka da zaɓi. Satin da ya wuce ma an kawo wata, yarona ya riga ya zaro filash ɗin Windows daga aljihu yana jira, nace ajiye, ɗauko hadis ɗin waje ka kwashe Desktop da Documents da Pictures da Downloads tukuna. Yace Oga ai matar ta ce babu komai a ciki. Nace kwashe dai, sannan ka kira ta ka ce ta ba ka lambar 'yarta.