Dutsen Kamaru da jadawalin dare

Tunda kowa a sitonmu na Garwa ya ji cewa ƙarshen watan nan zan miƙa makullai, gara in faɗi maganar tseren dutse da bakina. Har yau direbobin tirela in sun sauko daga Ngaundere, kafin su miƙo takardun kaya sai sun tambayi maigadi, "Baba, ina ɗan tserenku?"

Wanda bai san tseren ba, a garin Buea da ke kudu maso yammacin Kamaru ake yinsa kowace shekara, yawanci a watan Fabrairu, kuma tun 1973 aka fara. Daga filin wasa na Molyko ake tashi, a hau har ƙololuwar Dutsen Kamaru mai tsawon sama da mita 4,000, a juyo a sauko, wajen kilomita 38 gaba ɗaya. Gwanayen maza kan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, sau bakwai tana cinye na mata. Ni ba cinyewa ta kai ni ba. Likita ne ya ce jinina ya fara hawa, ga tumbin da zaman kujera da shayi mai sukari suka ajiye mini, sai na ɗaura wa kaina niyyar in taka ƙololuwar in dawo da ƙafata, ko da ni ne na ƙarshe.

Da farko abin ya tafi daidai. In an idar da asuba sai in bi titin Roumdé Adjia kafin 'yan moto su cika hanya, ranar Lahadi kuma in nufi duwatsun Tinguelin. Wandona ya fara yi mini yawa, har uwargida ta kai wa tela ya rage ƙugu.

Sai labari ya kai kunnen shef, wato shugabanmu a wurin aiki. Kun san tsarinmu: aikin dare zagayawa yake yi, mako-mako, don motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su wuce Marwa da Kusiri har Njamena ba su san dare ba. Da damina ta ɗauke, motoci suka yawaita, sai na ga sunana a layin dare mako bayan mako, ba canji. Na shiga ofishinsa na gaishe shi, na ce, "Yallaɓai, ina ga an yi kuskure a jadawali." Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Ya ce, "Malam, mai ƙarfin hawa dutse ai ba zai rasa ƙarfin kwana a tsaye ba." Na ce ai jadawalin zagayawa yake yi. Ya ce, "Ni ne jadawalin."

Nan ne tseren ya lalace, tun ban ga Buea ba. Gudu yana ɗan yayyaga tsoka ne, barci kuma shi ke ɗinke ta har ta fi da ƙarfi, shi ya sa likitoci ke cewa baligi na bukatar aƙalla awa bakwai. Ni kuwa in na tashi aiki da safe sai in yi gudun da idona jajir, in koma gida in kwanta ƙarƙashin kwano, yara na wasa a tsakar gida, injin markaɗen maƙwabta na ruri. Hunturu ya shigo da hazonsa, tari ya kama ni ya ƙi saki. Ƙaurina ya riƙa ciwo, irin ciwon da in ka danna ƙashin da yatsa sai ka ji har ka. Baba maigadi ne kawai ya kula. Wajen ƙarfe uku na dare yakan ce, "Ɗana, je ka miƙe kan buhunan nan, in mota ta zo zan tashe ka." Allah ya saka masa da alheri.

Hutu kuwa, na nemi a ba ni da wuri don in isa in huta, jikina ya saba da sanyin can. Takardar ta yi ta kwana a aljihun teburin shef, sai da lokaci ya ƙure ya ce da baki, "Je ka." Haka na shiga motar Ngaundere, na kwana zaune a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga nan mota zuwa Duwala, wata kuma zuwa Buea. Da ƙyar na riski gwajin likitoci, ƙafafuna a kumbure har igiyar takalmi ba ta ɗauruwa yadda na saba.

Hawan tun cikin gari yake farawa, kan kwalta, sannan a shiga kurmi mai laima da santsi. Akwai bukkokin hutawa a kan hanyar, na wuce ta farko da sauran ƙarfina. Bayanta itatuwa suka ƙare, sai ciyawa da baƙin dutsen aman wuta, ga iska mai sanyin da ɗan Garwa bai san irinsa ba. Garinmu a kwarin Binuwai yake, bai fi 'yan ɗaruruwan mita sama da teku ba, Tinguelin kuma ko kusa da mita 1,000 bai kai ba, saboda haka huhuna bai taɓa sanin yadda iska ke sirancewa a sama ba. In na ja numfashi sai in ji bai isa ba, kaina na sarawa. Kafin bukka ta biyu na zauna kan dutse, na kasa tashi. Ina nan zaune na gaba suka fara dawowa daga ƙololuwa, suna gangarowa a guje, tsakuwa na bin bayansu.

Saukowar ta fi hawan azaba, kuma babu wanda ya gaya mini haka a Garwa. Cinya ce ke riƙe nauyin mutum a kowane taku na gangara, tawa kuwa rawa take kamar mazari. A karkace na sauko, ina kama ciyawa. Da na cire takalmi a ƙasa, baƙar tsakuwa ta cika safa, farcen babban yatsana ya yi baƙi da jini. Daga baya ya fita.

Ban ce da an bar ni na yi barci lallai da na taka ƙololuwa ba. Dutsen ba abin wasa ba ne, a 2024 wani ɗan Kenya ya faɗi ya rasu jim kaɗan bayan ya kammala, don haka zaman da na yi kan dutsen nan ba na jin kunyarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a bar ni na gwada da cikakken jikina ba, kuma wanda ya hana ɗin bai ƙaru da komai ba sai dariyar da ya yi da na dawo ina ɗingishi.

Ku da kuka rage, in kuna da wani buri a wajen aiki, ku bar shi a gida, baki shi ke yanka wuya. Mai son tseren dutse ya koyi gangara kafin hawa, kada kuma ya sa sabon takalmi ranar. Jinina dai ya sauka, wandon ma bai koma wurin tela ba. Izini kuma ku karɓe shi a rubuce, da sa hannu da hatimi. Nawa na baki ne, da albashi ya fito sai na ga an rubuta kwanakin Buea a matsayin fashin aiki, an zaftare kuɗinsu. Na kai wa shef takardar, ya duba sama da ƙasa, ya ce shi bai tuna mun yi wannan magana ba.